Ƙyandar da Ke Laɓewa a Ƙwaƙwalwa

A watan Satumban 2025 hukumar lafiya ta gundumar Los Anjelis a Amurka ta sanar da rasuwar wani yaro ɗan makaranta, ta ce ƙyanda ce ajalinsa. Abin da ya sa labarin ya zagaya duniya shi ne ba a shekarar ya kamu ba. Tun yana jariri ya yi ƙyandar, kafin ya kai watannin da ake yi wa yara allurar rigakafi, kuma ya warke. Shekaru suka shuɗe. Ashe bairos ɗin bai bar jikinsa ba, yana can cikin ƙwaƙwalwa yana ɓarna a ɓoye.

Likitoci na kiran wannan ciwo SSPE, wato kumburin da ke mamaye ƙwaƙwalwa sannu a hankali yana barin tabo duk inda ya bi. Yakan bayyana shekara 7 zuwa 10 bayan ƙyandar, kuma farkonsa ba ya kama da ciwo. Yaron da ke zuwa na ɗaya ko na biyu a aji sai ya fara mantuwa. Rubutunsa ya lalace. Ya zama mai saurin fushi, ko ya yi shiru ya janye daga abokan wasa. Malamai su ce wasa ya yi masa yawa, a gida a yi ta faɗa. Bayan makonni ko watanni sai zabura ta shigo: hannu ko kafaɗa ko kai ya fizga ba da son yaron ba, ya saki, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sake fizga, haka za a wuni. Cokali ya suɓuce masa, ya faɗi yana cikin tafiya. Wasu ganinsu ya raunana. Daga nan gaɓoɓi su sandare, magana ta ɗauke, haɗiya ta gagara, har a kai matakin da ba ya gane kowa. Mafi yawa suna rasuwa cikin shekara 1 zuwa 3 da fara ganin alamun. Maza sun fi mata kamuwa, wajen ninki biyu ko fiye.

Wannan daban yake da kumburin ƙwaƙwalwar da kan biyo bayan ƙyanda cikin kwanaki, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 1,000. Daban yake kuma da wani nau'in da ke kama masu raunin garkuwar jiki cikin watanni. Shi SSPE yaran da ke da lafiyayyar garkuwa yake kamawa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai.

Shekara talatin ana lalube

An san ciwon tun kafin a san sanadinsa. A 1933 wani likitan binciken gawa a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, James Dawson, ya duba ƙwaƙwalwar wani saurayi ɗan shekara 16 da ya rasu, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwar, irin waɗanda bairos kan bari a inda ya zauna. Ya yi zargin bairos ne, amma bai iya kama shi ba. A 1945 Ludo van Bogaert na birnin Antwerp a Beljiyam ya bayyana wani ciwo mai kama da wannan ya ba shi wani suna dabam. Sai daga baya aka gane abu ɗaya suke magana a kai. A Antwerp ɗin ne Joseph Radermecker ya lura a 1949 cewa na'urar EEG, mai zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a takarda, tana nuna wani babban tsalle da ke maimaita kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, daidai lokacin da jikin yaron ke fizga. Har gobe likitoci na neman wannan alama.

Ba wanda ya kawo ƙyanda a ransa. Me zai haɗa ciwon zazzaɓi da ƙuraje na mako biyu da taɓuwar ƙwaƙwalwa bayan shekara takwas?

An fara gano bakin zaren ne a 1965, lokacin da Michel Bouteille da abokan aikinsa a Faransa suka sa ɗan yankin ƙwaƙwalwar wani majinyaci a madubin lantarki, suka ga wasu siraran zaruruwa masu kama da cikin bairos na dangin ƙyanda. A 1967 John Connolly da tawagarsa a Belfast, Ailan ta Arewa, suka auna jini da ruwan lakar wasu majinyata, suka tarar da sinadaran garkuwa masu yaƙar ƙyanda sun yi yawan da ya wuce misali, sannan suka ga furotin ɗin bairos ɗin a cikin ƙwaƙwalwa. Saura a kama shi da rai. Nan ma aka sha wuya. Idan aka niƙa naman ƙwaƙwalwar aka zuba ruwansa a kan lafiyayyun ƙwayoyin halitta, kamar yadda aka saba yi wa sauran bairos, ba abin da ke faruwa. Sai a 1969 tawagogi biyu a Amurka, ta Luiz Horta-Barbosa da John Sever a Bethesda da ta Francis Payne a Michigan, suka yi nasara, kuma ta wata hanya dabam: suka raini ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ransu a kwalba. Tawagar Bethesda ta cakuɗa su da wasu ƙwayoyin da ƙyanda ke son kamawa, jiki da jiki. Da suka manne da juna sai bairos ya tsallaka.

Wannan wahalar da aka sha ita kanta amsa ce. Bairos ɗin yana nan, yana da rai, amma ba ya fitowa waje.

Abin da kwalabe suka nuna

Don gane muhimmancin haka sai an koma 1954. A shekarar ce John Enders da Thomas Peebles suka fara raino bairos ɗin ƙyanda a ɗakin gwaje-gwaje a Boston, daga jinin wani ɗalibi mai suna David Edmonston, wanda sunansa ya bi wannan iri har aka yi allurar rigakafin farko da shi a 1963. Abin da suka gani a kwalba mai sauƙin fahimta ne: bairos ya shiga ƙwayoyin halitta, ya narkar da bangon da ke tsakaninsu su zama ƙatuwar ƙwaya ɗaya mai cibiyoyi da yawa, ya hayayyafa, 'ya'yansa su fito su kama na gaba, cikin kwanaki komai ya mutu. An ɗauka halin ƙyanda ke nan: ko ta kashe, ko a kashe ta.

Wani mai bincike a Amurka, Robert Rustigian, ya yi abin da mutane da yawa ba za su yi ba. Bai zubar da kwalaben da suka lalace ba. Yana aiki ne da ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗebo a 1951 daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins, ba da saninta ba, kuma suke ta hayayyafa har yau. Bayan ya zuba musu ƙyanda galibinsu sun mutu, amma 'yan tsiraru sun tsira. Ya ci gaba da ba su abinci. Suka farfaɗo, suka rarrabu, suka sake cika kwalba. Da ya duba sai ya ga kusan dukkansu na ɗauke da bairos ɗin a ciki, kuma duk sanda ƙwaya ta rabu biyu, 'ya'yan na gadonsa. Sun zauna lafiya da abin da ya kamata ya kashe su.

Sai ya ƙara mataki ɗaya. Ya riƙa zuba sinadaran garkuwa masu yaƙar ƙyanda a cikin ruwan da yake rainon ƙwayoyin, ya daɗe yana yi. A zaton mai hankali, maganin zai share cutar. Bai share ta ba. A ƙarshe ya samu wani jinsin ƙwayoyi da ke ci gaba da ƙera furotin ɗin ƙyanda a cikinsu, amma ba sa sakin cikakken bairos mai iya kama wata ƙwaya, ko bayan an daina zuba sinadaran. Ya wallafa wannan a 1966, shekara guda kafin sakamakon Belfast. Ma'ana, an ga yadda ƙyanda ke laɓewa a kwalba tun kafin a tabbatar tana yin haka a kan ɗan Adam.

A tsakiyar shekarun 1970 Michael Oldstone da abokan aikinsa a cibiyar Scripps ta Kalifoniya suka nuna wani ɓangare na dalilin. Sinadaran garkuwa kan kama furotin ɗin bairos da ke leƙowa a fatar ƙwayar da ta kamu su share shi daga wurin. Da zarar alamar ta ɓace daga waje, sojojin jiki da aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin da suka kamu ba sa gane ta. Ga shi kuma sinadaran ba sa shiga cikin ƙwaya. Abin ya yi kama da unguwar cikin birni da gidaje ke manne da juna, an cika lunguna da 'yan sintiri: ɓarawon da ya fito titi ya shiga hannu, amma wanda ya koyi fasa katanga daga gida zuwa gida zai iya ratsa unguwar duka ba wanda ya gan shi. Shi ya sa yaro mai SSPE ke da sinadaran yaƙar ƙyanda fiye da kowa, kuma ba su hana shi mutuwa.

Ya kamata a yi adalci a nan: kwalba ba ƙwaƙwalwa ba ce. Ƙwayoyin HeLa na sankara ne, suna rarrabuwa ba tsayawa, alhali ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba sa rarrabuwa. An kuma samar da jinsunan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙyanda da yawa a ɗakunan bincike daban-daban, kuma ba duka ne suka bi hanya ɗaya ba. Amfanin kwalaben shi ne sun koya wa masana tambayar da za su yi: wane sashe ne na bairos ɗin ya lalace har ya kasa fita?

Naƙasar da ta zama makami

Bairos ɗin ƙyanda ƙaramin abu ne. Rubutun gadonsa haruffa 15,894 ne kacal, kuma furotin uku ne ke da ruwa da tsaki a wannan labari. H shi ke kama ƙofar da ke jikin ƙwayar halitta. F shi ke narkar da bango a shiga. M kuma shi ke tattara kayan sabon bairos ya kai su bakin fatar ƙwayar don ya ɓalle ya fita.

A 1979 William Hall da Purnell Choppin na Jami'ar Rockefeller a New York suka lura cewa majinyatan SSPE na da sinadaran garkuwa masu yawa a kan sauran furotin ɗin ƙyanda, amma na M kaɗan ne ƙwarai. Daga baya suka duba ƙwaƙwalwar kanta suka ga shi M ɗin ne ya yi ƙaranci. Da fasahar karanta rubutun gado ta samu, Roberto Cattaneo da Martin Billeter a Zurich, tare da Volker ter Meulen na Würzburg a Jamus, suka karanta bairos ɗin da aka ciro daga ƙwaƙwalwar mamata. A rahotonsu na 1988 sun nuna kurakurai birjik. A wani majinyaci mai raunin garkuwa, kusan rabin haruffan U da ke sashen M sun rikiɗe sun koma C. Irin wannan canji mai bin hanya ɗaya ba tsautsayi ba ne. An danganta shi da wani sinadarin jikin mutum mai suna ADAR da ke gyara rubutun gado.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Bairos ɗin da ya kasa fita ai ya kamata ya mutu inda yake. Me ke ba shi damar mamaye ƙwaƙwalwa gaba ɗaya? A 1998 tawagar Cattaneo ta ƙera bairos ɗin ƙyanda da ba shi da M kwata-kwata. Ya zama rago wajen haihuwar sababbin bairos, amma gwani wajen narkar da bangon ƙwayoyi, kuma ya fi na asali kutsawa cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ashe M, ban da haɗa kaya, shi ke riƙe da linzamin F. Da ya tafi sai F ya samu sake.

Wata tambayar ta fito daga Japan. A 2000 ɗakin binciken Yusuke Yanagi a Jami'ar Kyushu ya gano ƙofar da ƙyanda ke bi ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki, mai suna SLAM. A 2011 wasu tawagogin suka gano ta biyu, nectin-4, a hanyoyin numfashi, wadda ta nan bairos ke fita a tari ya kama wani. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Mutanen Kyushu sun nuna cewa F na bairos ɗin SSPE yana ɗauke da canje-canjen da suka sa shi saurin kunnuwa, kuma a 2021 suka ba da rahoton cewa irin wannan F na amfani da wasu furotin na jijiyoyin kansu, CADM1 da CADM2, ya tsallaka ta mahaɗar da jijiya ke miƙa wa jijiya saƙo. A 2023 tawagar Cattaneo, wanda yanzu yake cibiyar Mayo a Amurka, ta karanta bairos daga sassa daban-daban na ƙwaƙwalwar mamaci ɗaya, ta tarar da iri biyu na rubutun gado suna tafiya tare suna cike giɓin juna.

Duk wannan yana nufin babu wani irin ƙyanda na musamman mai kawo SSPE da ke yawo a gari. Ƙyandar da kowa ya sani ce ke shiga, ta canza a hankali a jikin mutum ɗaya. Kuma tun da ba ta iya fita, mai ciwon ba ya shafa wa kowa. Yadda take shiga ƙwaƙwalwa tun farko, da abin da take yi a shekarun shiru, har yanzu masana na muhawara a kai. Abin da aka tabbatar shi ne jiki ba ya share ƙyanda da sauri kamar yadda aka zata: binciken da masanan Johns Hopkins, ciki har da Diane Griffin, suka yi kan yara a Lusaka ta Zambiya ya samu ɓurɓushin rubutun gadon bairos ɗin a jikin wasu wajen wata uku bayan ƙuraje sun baje.

Lissafin da ya canza

Tsofaffin littattafan likitanci kan ce mutum 1 cikin 100,000 da suka yi ƙyanda ne ke samun SSPE. Lissafin ya yi ta hawa duk sanda aka sake dubawa da kyau. Bayan annobar da ta kama sama da mutum 55,000 a Amurka daga 1989 zuwa 1991, William Bellini na hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ya nuna a 2005 cewa haɗarin ya ninka abin da aka zata kusan sau goma. A Jamus, binciken 2013 ya ƙiyasta yaro 1 cikin 1,700 zuwa 3,300 a tsakanin waɗanda suka kamu kafin shekara 5. A Kalifoniya kuwa, Kristen Wendorf da abokan aikinta sun bi sawun mutum 17 da aka gano daga 1998 zuwa 2015, suka fitar da adadin da ya girgiza likitocin yara: 1 cikin 1,367 ga 'yan ƙasa da shekara 5, sannan 1 cikin 609 ga jariran da suka kamu kafin su cika shekara.

Masu ƙyamar allura kan yi tambaya ko rigakafin ne ke kawo ciwon, tun da shi ma bairos ne mai rai da aka raunana. Rubutun gado ya amsa wannan. Bairos ɗin da aka karanta daga ƙwaƙwalwar masu SSPE na gari ne, ba irin na allura ba, har ma a yaran da aka yi wa allurar kuma iyayensu ba su tuna sun taɓa yin ƙyanda ba. A ƙasashen da rigakafi ya kankama ciwon ya yi ƙasa sosai. Inda ake yawan ganinsa yau su ne Indiya, Pakistan, Turkiyya da Papuwa Niyu Gini. A Afirka ta Kudu, annobar 2009 zuwa 2011 ta kama sama da mutum 18,000, kuma 'yan shekaru kaɗan bayanta likitocin yara a Cape Town suka fara karɓar masu SSPE.

Magani kuwa, babu wanda ke warkarwa. Ana ba da ƙwayar isoprinosine, ana zuba interferon kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa, wani lokaci a haɗa da ribavirin. A wasu yaran hakan na rage saurin ciwon na ɗan lokaci. Kimanin kashi 5 cikin 100 kan samu sauƙi da kansu. Sauran aikin jinya ne: maganin jijjiga, ciyarwa ta bututu, juya majinyaci kada ya yi gyambon kwanciya.

Wannan labari ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin abin da ya fi jawo SSPE shi ne kamuwa da ƙyanda da ƙuruciya, kuma nan ne matsalarmu take. Tun farkon shekarun 1960 David Morley, da ya yi aiki a Imesi-Ile a kudu maso yammacin Najeriya, ya rubuta cewa yaran nan na kamuwa da ita suna ƙanana fiye da na Ingila, kuma ta fi yi musu tsanani. Binciken da aka yi kan Yamai aka wallafa a 2008 ya nuna yadda baƙon dauro, wato ƙyanda, ke tashi da rani ya lafa da saukar damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.3 sun kamu a faɗin duniya a 2023, wajen 107,500 suka mutu, galibinsu ƙananan yara. Wanda SSPE zai ɗauka bayan shekara takwas ba ya cikin wannan adadi, don a lokacin ƙirgar yana cikin waɗanda suka warke.

Gano ciwon ma sai da kayan aiki: na'urar EEG, da ɗibar ruwan laka a auna sinadaran yaƙar ƙyanda a ciki. Ba kowane asibiti ke da su ba. Yaron da ya fara mantuwa da zabura a ƙauye, ba abin mamaki ba ne a ce farfaɗiya ce ko iska, a yi ta ruƙiyya da hayaƙi har rai ya yi halinsa, ba tare da wani ya tambayi uwar ko ya yi ƙyanda yana goye ba.

A Najeriya ana yin allurar farko a wata 9, ta biyu a wata 15, kuma a Oktoban 2025 aka ƙaddamar da gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela, da nufin kai wa yara sama da miliyan 100 'yan wata 9 zuwa shekara 14. Amma garkuwar da jariri ke samu daga uwa kan ragu watanni kafin ya kai wata 9, kuma bairos ɗin na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai tari ya fita. A wannan tsakanin kariyar jariri ta dogara ne da yayyensa da yaran maƙwabta, shi ya sa ake neman kashi 95 cikin 100 na yara su samu allura biyu kafin a iya katse yaɗuwar. Idan annoba ta riga ta ɓarke a gari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi wa jarirai ƙarin allura tun daga wata 6, sannan a sake yi musu ta wata 9 da ta 15 kamar yadda aka saba.